Saura Kiris da Fitila ta Uku

Kafin ya cusa kowace waya a gurbinta, sai ya hura mata iska. Ya ɗaga bakinta sama, ya kumbura kumatu, ya hura, ya goga ta a gaban rigarsa, sannan ya dubi rufin ɗaki kamar mai jiran izini daga can. Wanda bai san shi ba, in ya ga haka, sai ya ja da baya ya ba shi wuri. Mu da muka san shi mukan ci gaba da abin da ke gabanmu.

Ɗan yayana ne, shi ne babba a ɗakinsu. Shi ya raɗa wa kansa Injiniya, har ya sa aka ɗinka masa kalmar a aljihun riga. Wanda mutane suka raɗa masa kuwa Saura Kiris ne, kuma shi ne ya bi shi, don ba a taɓa tambayarsa ina aka kwana kan wani aiki ya ba da wata amsa daban ba. Ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Ba na son in yi wa mamaci ƙari. Abin da na gani zan faɗa, shi ma ba duka ba.

Tun yana ƙarami hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Rediyon mahaifinsa ce ta fara shiga hannun. Lafiyarta ƙalau, tana magana, ya kwance ta don ya ga mai maganar. Da ya mayar da ita, sukurori suka yi saura a tafin hannunsa, ya ce masu ƙera ta ne suka zuba fiye da kima. Rediyo ba ta ƙara cewa uffan ba. Mahaifinsa, mutum ne mai saurin hango alheri, ya ce yaron nan akwai ƙwaƙwalwa. Cikin duk abin da ya gada, wannan maganar ya fi riƙewa da kyau.

Ya shiga koyon gyaran talabijin, ya fito ya ce maigidan ba ya son a fi shi. Ya shiga gyaran wayar hannu, ya fito ya ce aikin yara ne. Daga ƙarshe ya yi wani gajeren kwas na haɗa kwamfutoci da intanet, ya dawo da takarda, ya sa ta a gilashi ya rataye a falo. Na taɓa sa tabarau na karanta ta. Ta ce ya halarta. Ba ta ƙara komai a kan haka ba.

Yana da baƙar jaka da ba ya rabuwa da ita. A ciki akwai sukundireba iri-iri, da mitar auna wuta wadda batirinta ya mutu tun ina da baƙin gashi, da wayoyi a cukurkuɗe, da cajoji na mutane daban-daban waɗanda suka zo hannunsa ba su koma ba. Ilminsa game da caja bai wuce magana ɗaya ba: in baki ya shiga, duk ɗaya ne.

Ƙanwarsa kuwa Auta muke ce mata, ko da yake ita ma ta tara nata 'ya'yan. Bayan rasuwar mijinta ta kama shago a ƙarshen lungun benen da nake sayar da littattafai da alƙaluma a bakin ƙofarsa. Ɗan ƙaramin ɗaki ne: kwamfuta, firinta, farin ƙyalle a bango na ɗaukar hoton fasfo, na'urar ɗaukar zanen yatsa, da dogon benci. Tana buga takardu, tana yi wa mutane rajista ta intanet. Can cikin lungun sabis ɗin waya ba ya shiga, duk wanda aka kira sai ya fito bakin ƙofa wurina ya amsa. Don haka rayuwar shagon gaba ɗaya ta rataya ne a kan wani farin akwati da ke kan kanta, wanda suke kira rauta, da wayarsa da ta haura rufi zuwa eriya. Cajarsa tana bayan kabad, inda ido ba ya kaiwa. Kuma duk abin da Auta ta mallaka, daga almakashi har caja, sai ta ɗiga masa jan farce, don a lungun nan kaya kan tsiro ƙafafu.

Kullum da safe in ta kunna akwatin, fitila ta farko ta kama, ta biyu ta yi ƙifce-ƙifce ta tsaya, ta uku ta koma kore. Daga nan sai in ji ta ce bismillah, ta ja kujera.

A shekarar da nake ba da labari, shugabar wata makaranta ta ba ta aikin rajistar jarrabawar dukkan ɗalibanta masu fita. Ranar Juma'a za a rufe shafin rajistar a intanet. Shugaba ta ce in aiki ya yi kyau, na kowace shekara nata ne. A tsallaken titi akwai wani babban shago mai ƙofar gilashi da ya daɗe yana zawarcin makarantar.

"Baffa," in ji Auta, "in wannan ya yi, na zauna a shagon nan. In bai yi ba, sai dai in kwashe komatsaina."

Da yayanta ya ji labari, ya ce babban aiki ba a shiga shi da na'urori masu ƙura. Ya karɓi mukulli a ƙarshen mako don ya yi musu sabis. Ba ta roƙe shi ba. Ba ta kuma hana shi ba, don yaya ne.

Ranar Litinin ɗalibai suka cika benci, wasu suka jeru a lungu. Ta kunna akwati. Ta farko ta kama, ta biyu ta yi ƙifcenta, ta uku ta tsaya a ruwan ɗorawa, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Can sai duk suka ɗauke, suka sake farawa, suka sake tsayawa a wuri ɗaya. Ban ji bismillah ba.

Aka aika wa Injiniya. Ya zo da hantsi, jaka a kafaɗa, ya tsaya gaban kanta ya harɗe hannuwa.

"Wa ya taɓa shi?"

"Babu wanda ya taɓa shi bayanka, Yaya."

"To, kamfanin intanet ɗin ne. Na san halinsu."

Ya kashe, ya ƙirga wani abu a ransa, ya kunna. Ya zare wayoyin gaba ɗaya, ya hura wa kowace iska, ya goga a riga, ya mayar. Fitila ta uku ta dube shi da ruwan ɗorawarta. Auta ta ce ko ta kira mutanen kamfani. Ya juyo a hankali.

"Ki kira su ki ce musu me? Gidanku babu injiniya?"

Telan da ke shagon kusa, wanda bakinsa ya fi kekensa gudu, ya leƙo.

"Injiniya, ina aka kwana?"

"Saura kiris."

"Alhamdu lillahi. Agogona da ka karɓa bara ma haka ka ce, ka ga sun zama biyu, sa ɗebe wa juna kewa."

Ɗalibai suka ƙyalƙyale. Injiniya ya ce a ara masa allura. Akwai wani ɗan rami a bayan akwatin, ya cusa allurar ya danne, ya ce wannan shi ne risetin, zai mayar da shi kamar ranar da aka haife shi. Haka kuwa aka yi, don duk abin da mutanen kamfani suka saita a ciki ya goge. Fitila ta uku dai ba ta ji labari ba. Garin zarewa allura ta faɗa bayan kabad, tela ya zura hannu zai ɗauko, ya fizge shi da sauri.

"Kai! Wannan cajar ai sai a yi guga da ita."

"Alamar tana aiki ke nan," in ji Injiniya. "Kai dai ka ji da zare."

Ranar ta tafi a haka. Ya ce wuta ce ba ta da ƙarfi, aka tayar da janareta. Ya ce janareta ne ya yi ƙarfi da yawa. Ya hau rufi ya juya eriya gabas, ya sauko, ya sake hawa ya mayar da ita inda take. Ya ce gajimare ne, alhali sama tar take. Duk abin da ke tsakanin ƙasa da sama ya sha zargi a wunin nan, ban da abu ɗaya. Ɗalibai suka koma makaranta yadda suka zo.

Da la'asar na bi ta gidansa, don matarsa ba ta jin daɗi, na je duba ta. Na same shi a falo ya miƙe ƙafa yana kallon ƙwallo. Na san dikodarsa, akwatin kamo tashoshi, ta daɗe a mace, don ya sha yi mini kukan cajarta ta ƙone. Na zauna, aka kawo shayi. Kujerar da aka ba ni tana kallon bayan talabijin. Tsufa ya ci idona, amma bai cinye ja ba tukuna.

"Dikoda ta tashi ke nan," na ce.

"Na tashe ta, Baffa. Ƙaramin aiki ne."

"Madalla. Har kwalliya na ga an yi wa cajar. Jan farce."

Ya ƙara wa talabijin murya.

Na kurɓi shayi. Na ce abin aro in ya kwana biyu yakan so gida, musamman in ana nemansa.

"Baffa, wannan harkar fasaha ce, ba irin ta zamaninku ba. Na sa wa akwatin wata. Baki ɗaya ne, wuta ɗaya ce."

Ni ban san kan waɗannan abubuwa ba. Abin da na sani shi ne ƙaramin jaki da babban jaki duk akala ɗaya ake sa musu, amma ba kaya ɗaya suke ɗauka ba. Na faɗa masa haka. Ya ce an kusa cin ƙwallo.

Washegari da sassafe na ce wa Auta ta leƙa bayan kabad ta ga ko jan farcenta na nan. Ta janye kabad, ta duba, ta daɗe a tsugune. Wata 'yar ƙaramar caja ce, mara nauyi, irin ta fitilar tebur. Da Injiniya ya iso, benci ya riga ya cika. Ta sassauta murya iya yinta.

"Yaya, ko dai cajar ce? Wannan kamar ba tawa ba."

Da a ce su biyu ne a ɗakin, wataƙila da labarin ya ƙare a nan. Amma ga ɗalibai, ga tela a bakin ƙofa da tef ɗin awo a wuya.

"Me kika ce?" Ya ajiye jaka. "Ɓarawo kika mai da ni? Ni? Ni da na goya ki, ni da na bar aikina na zo ina hawa rufi saboda ke?"

"Wane aikin?" in ji tela, a hankali, kamar da kekensa yake.

"Ba haka nake nufi ba, Yaya. Ka yi haƙuri."

"Caja! Na yi karatun abin nan, ki ce mini caja. Ƙwaƙwalwarsa ce ta rikice, kuma zan nuna miki."

Ta ba shi haƙuri har sai da ya gaji da karɓa. Daga wannan lokaci cajar ba ta da hanyar dawowa da rana, don in ta dawo da shaida za ta dawo. Amma mukulli na hannunsa, kuma lungu babu kowa kafin a buɗe shaguna. Na yi zaton zai lallaɓo ya mayar da ita, mu duka mu yi kamar ba mu gani ba, ya ce hurin iskarsa ne ya yi aiki. Da mun yarda. Ranar Laraba na riga kowa zuwa, na zauna ina kallon ƙofa. Sai daga baya na ji ashe akwai wasu wasannin ƙwallo a makon.

Shugabar makaranta ta zo da kanta da safiyar ranar, mace mai tabarau da ƙaramar murya. Ba ta yi faɗa ba. Ta tambaya ko za a gama. Kafin Auta ta buɗe baki, aka amsa mata daga bayan kanta. Kun san amsar.

Da ta tafi, Auta ta ɗauki hoton rubutun da ke ƙasan akwatin da wayarta, ta yafa mayafi, ta tsaya wurina.

"Baffa, zan je kasuwa in nemo caja daidai da tasa. Kar ka ce masa komai."

Ban ce ba. Sai dai ba wawa ba ne ta wannan fannin, ya ga fitarta, ya kuma san abin da za ta dawo da shi. In sabuwar caja ta zo akwati ya tashi, magana ta ƙare. Sai na ga ya fito bakin ƙofa da wata kwamfutar cinya da ya aro, ya tsaya kusa da teburina inda sabis yake, yana sauke wani abu daga intanet.

"Me za a yi kuma?" na ce.

"Fulashin, Baffa. Zan zuba masa sabuwar ƙwaƙwalwa."

"Ba ka jira mai shago ba?"

"Kafin ta dawo ya tashi."

Na ce mara lafiyan da ke suma yana farfaɗowa, ban taɓa jin an yi masa aski a tsakani ba. Ya yi dariya irin wadda ake yi wa tsofaffi.

Na bi shi ciki, tela ma ya biyo. Ya haɗa akwatin da kwamfutar, bayan ya hura wa wayar iska. Ya danne allura, ya kunna, ya yi ta gwadawa har wani shafi ya buɗe. A kan shafin akwai gargaɗi da jan rubutu, tela ya karanta da ƙarfi: kada wuta ta yanke ana cikin aiki.

"Janareta na kunne," in ji Injiniya.

Wani layi ya fara cika daga hagu. Ya yi tafiya, ya wuce rabi. Injiniya ya juyo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Sai fitilun suka ɗauke gaba ɗaya, kamar yadda suke ta yi tun Litinin a gaban idonsa. Da suka dawo, ɗaya ce kawai ta dawo, ta farko, kuma ja. Ta biyu ba ta ƙifta ba. Ta uku, wadda muka yi kwanaki muna zagi, sai muka koma kewarta.

Tela bai yi ba'a ba. Ya koma shagonsa.

Auta ta dawo bayan azahar, gumi ya jiƙa mayafi, da sabuwar caja mai nauyi a leda. Ta cire ƙaramar, ta sa sabuwa, ta kunna. Ja. Ta kashe, ta kunna. Ja.

Injiniya ya gyara tsayuwa, ya ɗauki jakarsa.

"Kin gani? Na ce miki ba caja ba ce."

Na rayu da dama, na ji maganganu iri-iri daga bakin mutane. Wannan tana cikin waɗanda na ajiye daban.

Sai a lokacin ta kira kamfani, a bakin ƙofa, ta juya wa lungu baya. Suka yi mata tambayoyi, suka ce abin da ke cikin akwatin ya goge, ba ya gyaruwa ta waya, za su kawo wani mako mai zuwa. Ta ce Juma'a fa. Suka ce sun ji.

Ba ta zauna ba. Ranar Alhamis ta kinkimo kwamfuta da na'urar yatsa ta kawo kan teburina, na ture littattafai gefe, ta haɗa da sabis ɗin wayarta. Hoton ɗalibi ɗaya sai ya yi ta juyawa kamar ba zai tafi ba, in ya kusa sai ya yanke a sake. Ta samu ta yi wa kaɗan. Rana ta take, yara na tsaye a bakin titi. Shugaba ta zo ta tsaya ta kalli layin, ta kalli allon kwamfutar.

"'Yar'uwa, na ga ƙoƙarinki," ta ce. "Amma ba ni da wata Juma'ar."

Ta ɗaga hannu ta tsayar da motoci, ɗalibai suka tsallaka titi a jere, suka shige ƙofar gilashi. Auta ta bi su da ido har na ƙarshe. Sannan ta naɗe wayoyinta ɗaya bayan ɗaya, kowace da ɗigon janta.

Ba a ga Injiniya a ranar ba. An ce ya tafi neman wata waya ta musamman.

Shekara ba ta zagayo ba ta saki shagon. Yanzu ɗan tebur gare ta kusa da nawa, tana buga wa mutane takardu, in ruwa ya sauko mu ja kaya ciki tare. Ba ta taɓa ɗaga masa maganar ba. Ranar da na so in taɓo ta, ta ce, "Baffa, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Na ce haka ne, amma ba a ce ka ci gaba da ba shi mukulli ba.

Shi kuwa ya ɗauke mataccen akwatin ya kai gida. Ya ce akwai hanyar tashinsa, sai an buɗe cikinsa an liƙa wasu siraran wayoyi da dalma, a yi masa magana kai tsaye. Labarin ma ya zame masa abin ado. A wurin ɗaurin aure ko zaman makoki, in hira ta zo kan na'urori, sai ya ba da labarin yadda ƙanwarsa ta nace caja ce, aka sayo sabuwa, gaskiyarsa ta fito. In ina wurin yakan ɗan rage murya. Auta in sun haɗu takan tambaye shi akwatin, ba don tana bukatarsa ba, sai don kar ya ga kamar ta daina ganin girmansa. Shi kuma ya ba ta amsar da ta sani.

Ya yi gajeriyar jinya ya rasu. Bayan an share makoki, matarsa ta zo wurinmu da kwali a ka, ta sauke a gaban teburin Auta, ta ce wannan kayanki ne, kullum yana cewa zai kawo miki. Sannan ta buɗe jakarta ta fito da wani abu daban.

"Wannan kuma a bayan talabijin take tun tuni. Ina share ƙura na ga kamar alamarki."

Auta ta karɓi cajar, ta juya ta. Jan farcen ya dushe, amma yana nan. Ta riƙe ta jim, ta miƙa mata.

"Ki mayar, yara na kallo da ita."

Kwalin yana ƙarƙashin teburina har yau, don ta ce ba ta da wurin ajiye shi. Na buɗe shi sau ɗaya. Akwatin a kwance yake, murfi a gefe, sukurorinsa a cikin murfin kwalba. Ga siraran wayoyin, an fere bakinsu tsaf, an jera. Ɗaya an liƙa ta da dalma. Sauran suna jira.